Shekarar da Ɗangiwa Ya Sallami Shanu

A Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Fakku da Kebbe, idan ana zancen gonaki masu albarka da ta Ɗangiwa ake farawa. Idan kuma ana zancen manoman kirki, har a tashi daga hira ba a jin sunansa. Gonar ta gado ce, kuma abin da ya sa geronta ke fin na kowa ba guminsa ba ne, kashin shanu ne. Tun zamanin mahaifinsa, marigayi Malam Namadi, duk shekara da an gama girbi wani dattijon makiyayi mai suna Shaihu yakan sauka a cikinta da garkensa. Shanu su ci kara da harawa, su kwana a nan har faɗuwar ruwan sama, su bar wa ƙasa taki. Shekara ashirin da biyu ana haka. Kowa a garin ya san sirrin gonar nan in ban da mai ita, wanda ya yi imani cewa hannunsa ne ke da albarka.

Wanda ya fi kowa sani shi ne Na'iya, maƙwabcinsa na iyaka, mai gonar farin yashi wadda ko akuya ba ta ɓata lokacinta a ciki. Duk shekara sai ya kai wa Shaihu goro ya roƙe shi ko wata guda ne shanu su kwana a tasa. Shaihu ya karɓi goro, ya yi godiya, ya wuce gonar Namadi.

Ana nan sai wata ƙungiya ta shirya bitar kwana biyu a Tambuwal, a kan yadda ake mayar da kacala da ragowar katako gawayin gyara ƙasa. Kacala kuwa ita ce doguwar ciyawar nan da ta mamaye fadama ta toshe hanyoyin ruwa, manoma na tsine mata safe da yamma. Da aka ce kowane ƙauye ya turo mutum ɗaya, ba wanda ya zaɓi Ɗangiwa. Shi ya zaɓi kansa, ya riga kowa hawa babur.

A rana ta farko wata malamar gona mai suna Ni'imatu ta nuna musu yadda ake haƙa rami mai faɗin baki, a kunna wuta, a riƙa zuba busasshiyar kacala kaɗan-kaɗan, in ta zama garwashi a kashe da ruwa. Da azahar aka raba riguna da huluna. Ɗangiwa na zura tasa ya tuna washegari ranar kasuwar Dogon Daji ce, kuma riga irin wannan ba a ɓoye ta a cikin aji. Ya tambayi na kusa da shi me ya rage. Aka ce gobe ne za a yi bayanin abin da ake yi wa gawayin kafin a kai shi gona.

"Ɗauka aka yi a kai," in ji Ɗangiwa. "Wanga har sai an koya wa mutum?"

Ya tayar da babur. Abin da aka koyar a rana ta biyu zai ji shi, amma a makare, kuma a gaban jama'a.

Tun daga ranar bakin masallaci ya zama aji. Ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, sai ya gyara hula ya fara.

"Ku saurara, don ba ni maimaitawa. Zamanin noma da ƙazanta ya wuce. Bana gero nika son in noma wanda sai an ɗora tsani a yanke shi."

"To mu da ba mu da tsani fa?" in ji Na'iya.

"Kai ai yashi kaka noma. Yashi ba ya buƙatar tsani."

Kwana biyar bayan haka Shaihu ya iso. Shanu sun cika hanya, jakuna ɗauke da kaya, shi kuma yana gaba da ƙwaryar nono ta gaisuwa kamar yadda ya saba. Ya tarar da Ɗangiwa tsaye a bakin gona, hannu a ƙugu, da mutane kamar goma da ya gayyato musamman don su shaida.

"Baffa Shaihu, sannu da hanya. Amma bana kada ku sauke kaya."

"Lafiya dai, ɗan Namadi?"

"Lafiya lau. Ci gaba na yaz zo. Karan ga da shanunka ka cinyewa, ina son abina. Kashinsu kuma, Allah amfana, ku kai ma wanda bai waye ba."

Shaihu ya dube shi. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali.

"Ubanka da bakinai yac ce mani, in dai shanuna na numfashi, nan am makwancinsu."

"Allah shi jiƙan Baba," in ji Ɗangiwa. "Shi bai tai bita ba."

Wani tsoho a cikin 'yan kallo ya yi salati. Na'iya kuwa, da ke ɗaurin kara a ƙetaren iyaka, bai tsaya salati ba. Ya yar da igiya, ya tsallako da gudun da rabonsa da yin irinsa tun yana saurayi, ya kama ragamar jakin gaba. Kafin la'asar an kafa bukkoki a kan farin yashinsa.

Da labari ya isa gida, Mas'uda matar Ɗangiwa ta fasa tankaɗen da take yi.

"Malam, da gaske ka kori shanun ga? Su fa ka ciyar da mu."

"Ke mi kinka sani a harkar noma?"

"Na san rumbu. Ni ka shiga cikinai kullum."

"To ki shirya, bana sai kin ce a gina na biyu."

Aikin farko shi ne yankan kacala. Malama Ni'imatu ta ce a yanke ta tun ba ta fid da kai ba, amma a lokacin Ɗangiwa na duba ɗinkin rigarsa. Ya kira gayya, aka shiga fadama aka sare wadda kanta ya nuna ya bushe, aka loda amalanke uku. Akwai hanya ta bayan gari mai sauƙi. Ɗangiwa ya ce a'a, ta tsakiyar gari za a bi, don mutane su ga ilimi na wucewa.

Suka gani kuwa. Da amalanke ta faɗa gargadar farko, kawunan kacala suka fashe, farin ɓurɓushi mai kama da auduga ya tashi ya rufe unguwa. Ya shiga fura, ya shiga kunu, ya manne a kan barkonon da mata suka shanya, ya shiga hancin liman yana tsakiyar yi wa wani nasiha. Gari ya ɗauki atishawa. Sauran kuma iska ta kwashe ta kai wa masu lambu a bakin rafi, inda ba a taɓa ganin kacala ba.

"Ɗangiwa!" wani mai lambun albasa ya ƙwala masa kira. "Kashe ta anka ce ka yi, ko shuka ta?"

"Haƙuri za ku yi," in ji shi daga saman kaya, gemunsa fari fat. "Ko asibiti sai an sha allura."

Ranar ƙonawa ya sa aka yi shela. Ya haƙa rami a tsakiyar gona, ya tula kacalar duka a lokaci guda, don a cewarsa zubawa kaɗan-kaɗan aikin mata ne. Ya ƙyasta ashana, wuta ta tashi ta fi bishiya tsawo, shi kuma ya juya mata baya ya fuskanci jama'a ya shiga bayani. Ya yi bayanin ƙasa, ya yi bayanin iska, ya yi bayanin yadda malamar da kanta ta ce ba ta taɓa ganin mai saurin fahimta irinsa ba.

"Ina ruwan kashewa?" in ji Na'iya.

"Tsoron wuta yas sa Malama zuba ruwa. Ni na san lokacin da wuta ka gajiya."

Wuta ta gaji kuwa. Da ya juyo, babu komai a ramin sai farar toka mai laushi. Wata tsohuwa ta matso da kwano ta ce ko zai sam mata ta yi ruwan toka, tunda dai an yi asarar.

Mutum mai kunya da nan ya tsaya. Ɗangiwa ya ce gwaji ne. Kacala ta ƙare, kuma ba wanda zai sake amsa gayyarsa, saboda haka ya tattara karan gonarsa kaf, ya cire tsohon dannin bayan gida, ya yi sawu huɗu zuwa Kebbe yana kwaso guntayen katako da garinsa a wurin kafintoci. Wannan karon ya tanadi ruwa. Sai dai da garwashi ya yi jajir, maimakon ya tsaya gefe ya yayyafa, sai ya leƙa kansa cikin ramin ya juye bokiti gaba ɗaya. Tururi ya taso ya gaishe shi. Ya koma gida ba gira, gemu kuma saura gefe ɗaya.

Amma a yi masa adalci, gawayi ya samu, har buhu goma sha biyu. Ya ce sai an daka shi, kuma turmin da ya fi kusa shi ne na Mas'uda. Mako guda gidan suna cin baƙin tuwo.

"Malam, wanga tuwo ko a gidan makoki ba a kai shi."

"Ci ki yi shiru. Abin da ka gyara ƙasa ba shi ɓata ciki."

Da bazara ta kama, ya kwashe garin gawayin ya kai gona, ya zazzage shi tsibi guda a buɗe, busasshe ƙayau, don masu wucewa su gani su tambaya. Rana ta uku da tsakar rana sai ga guguwa ta taso daga gabas. Ta zo daidai kan tsibin ta tsaya kamar an aiko ta, ta zama baƙa ƙirin, ta miƙe sama. Mata masu dawowa daga rijiya suka yar da tuluna suna neman tsari. Ɗangiwa ya bi ta a guje da buhu a buɗe yana ihu, ita kuwa ta tsallake iyaka ta sauke fiye da rabin kayan a makwancin shanun Shaihu.

Da yamma Shaihu ya zo, bayansa ga wata farar saniya da ta koma launin jaki.

"Ɗan Namadi, korarmu ba ta ishe ka ba, sai ka rina muna dabbobi?"

"Kyauta ta, Baffa. Su ma su ɗanɗani ilimi."

"Ka zo ka kwashe abinka."

"In sa hannuna cikin kashi da fitsari? Ni? Na bar ma Na'iya, shi da yas saba."

Haka gawayin ya zauna a can fiye da wata guda, shanu na tattaka shi, suna yi masa abin da shanu ke yi, har ruwan farko ya sauka Shaihu ya tashi da garkensa. Abin da ya rage kuwa Ɗangiwa ya bi ramin shuka ɗaya bayan ɗaya ya cika da shi, ya jefa iri a kai. Tun gero bai tsiro ba ya nemo lambar Malama Ni'imatu, ya buga mata waya a tsakiyar kasuwa, da ƙarfi, ya ce ta sa rana ta kawo manoman Tambuwal da Kebbe su ga abin da ɗalibinta na ɗaya ya yi.

Gero ya tsiro. Ya kai tsawon taƙi ya tsaya yana tunani. Ganyensa ya yi rawaya, ƙasan kara ya yi siriri. Mas'uda ta je ta gani ta dawo, daga ranar ta rage awon tuwon dare. Ɗangiwa ya ce wa masu tambaya ai sabon salo ne, geron yana tara ƙarfi ne a ƙasa, ranar da zai tashi sai an kauce masa.

Ranar da aka sa ta zo geron bai tashi ba. Babura suka yi ta isowa ta cikin taɓo, ƙauye ya fito kaf. Ɗangiwa ya sha rigar bita da hula, yana tsaye a bakin gonarsa yana jiran a fara gaisawa. Malama Ni'imatu ta sauka, ta dubi dama ta dubi hagu, ta wuce shi kai tsaye ta shiga gonar Na'iya, inda gero ya yi duhu har ya kusa rufe mutum. Ta durƙusa ta damƙo ƙasa, baƙa mai danshi, ta murza ta ɗaga sama.

"Jama'a, kun ga abin da nika faɗa muku. Wanga shi na aiki. Ina Malam Ɗangiwa? Kwana nawa ka jiƙa gawayin ga cikin taki?"

"Malama," in ji Ɗangiwa daga baya, muryarsa ta ragu, "nan ag gonar. Waccan ta maƙwabci ta."

Ta juyo. Ta dubi geron rawaya, ta dube shi, ta sake duban geron.

"Wagga? Mi yas same ta?"

"Tana tara ƙarfi," wani ya amsa daga cikin taro, dariya ta ɓarke.

Ta tono gindin shuka ɗaya, gawayi ya zubo busasshe kamar yau aka daka shi.

"Da mi ka haɗa shi kafin ka zuba?"

"Haɗawa? Ai tsantsa nis sa. Ban yarda da gauraye ba."

"Malam, rana ta biyu ina kake zaune?"

"Kasuwar Dogon Daji!" in ji murya uku a lokaci guda.

Malamar ta karkaɗe hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi zafi, don kowa sai da ya yi tsit ya ji.

"Gawayi ba taki ba na, ma'ajin taki na. Kamar sabuwar randa yake, sai ta sha nata ruwa kafin ta aje maka naka. In ka zuba shi da yunwa, ɗan abincin da ƙasa ta rage shi zai fara shanyewa, shuka ta tashi ba komai. Shi ya sa munka kwashe yini guda muna faɗin a cuɗa shi da kashin dabbobi, a jiƙa, a bar shi mako biyu ko fi. To shi wanga maƙwabcin naka, wa ya koya mai?"

"Guguwa, Malama," in ji Na'iya cikin ladabi. "Da shanu."

Sai da aka ɗauki lokaci kafin a iya jin magana saboda dariya. Mai lambun albasa har zama ya yi a kan kunya yana share hawaye. Malamar dai da alama ta ji tausayinsa, don ta ce kada ya damu, abin na da gyara. Gawayin na nan cikin ƙasa ba inda za shi. Idan aka samu garke ya kwana a kai rani guda, baɗi gonar za ta fi kowace gona a yankin.

"Ba ka da wani makiyayi da kuka saba?" ta tambaya.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Kowa ya juya yana kallon Ɗangiwa, shi kuma ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Da kaka ta yi, abin da ya girba bai rufe ƙasan rumbu ba. Mas'uda ta kira shi ya leƙa da idonsa, ta ce in bai dawo da shanun nan ba, baɗi ko wannan ba za su gani ba. Ya bar karan gonar tsaye ko ɗaya bai taɓa ba, ya share tsohon wurin bukkoki, ya sayi goro fari manya. Ranar da aka ce garke na tafe, tun hantsi yana tsaye a mararraba, kuma a wannan karon bai gayyaci kowa ba, amma duk garin ya zo.

"Baffa, sannu da hanya," ya ce, har da durƙusawa. "Na yi bincike, na gano shanu ma na da nasu amfani. Ga wurinku can na share."

Shaihu ya karɓi goron, ya yi godiya, ya sa a aljihu.

"Baffa, don darajar Baba."

"Darajar ubanka tas sa nis saurare ka, ɗan Namadi. Shi bai ba ni takarda ba, baki yab ba ni, nir riƙe shekara ashirin da biyu. Bara ni ma na ba Na'iya baki. Kana son in zama irinka?"

Ya ɗaga sanda, garke ya motsa. Da suka zo daidai gonar, wata tsohuwar saniya da aka haifa a cikinta ta karkata da kanta ta nufi ciki, wasu suka fara bin ta. Ɗangiwa ya miƙe, fuskarsa ta washe, har ya buɗe baki zai yi wa jama'a bayani. Shaihu ya yi mata tsawa sau ɗaya. Ta tsaya a bakin kunya, ta ɗaga wutsiya ta saki kashi guda, sannan ta juya ta bi 'yan uwanta zuwa gonar Na'iya.

Aka tsaya ana kallon abin da ta bari, yana tururi.

"Kamar dai bisa iyaka yaf faɗi," in ji Na'iya. "Amma na yafe maka rabina."

Ɗangiwa ya dubi jama'a, ya dubi ƙurar shanun da ke nisa. Sannan ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya sa tafukansa biyu ya kwashe shi tas. Ya shiga da shi cikin gonar yana tafiya a hankali don kada ya zube, har ya kai tsakiya. A nan ya tsaya, ya dubi gabas ya dubi yamma, faɗin gonar ubansa duka, ya rasa inda zai ajiye shi.